Komawa Windows 11: Wa ya kamata ya koma, wa zai iya dakatawa, kuma mece ce makomar tsofaffin kwamfutoci

Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya kawo ƙarshen kulawar kyauta da yake bai wa manhajar Windows 10, bayan ta shafe shekara goma da 'yan watanni tana aiki a ɗaruruwan miliyoyin kwamfutoci a faɗin duniya. Tun daga ranar, tambayar da masu kwamfuta da dama suka yi ta ɗagewa ta dawo gabansu: a koma Windows 11, a ci gaba da zama kan tsohuwar, ko a nemi wata mafita dabam?

Tambayar ta shafi ɗalibin da ke rubuta kundin digirinsa a laftof na hannu da ya saya a kasuwa, da mai shagon buga takardu a bakin sakatariya, da akawun da ke riƙe da lissafin albashin ma'aikata, da masu cibiyoyin rubuta jarrabawa ta kwamfuta. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci a kanta: ko kwamfutar ta cika sharuɗɗan sabuwar manhajar, ko kayan aikin da mutum ya dogara da su za su ci gaba da aiki a kanta, da kuma tsawon lokacin da ya rage kafin gyare-gyaren tsaro su yanke gaba ɗaya.

Aikin babbar manhaja da ma'anar ƙarewar kulawa

Babbar manhaja ita ce wadda ke tashi da zarar an kunna kwamfuta, ta kuma zama tsani tsakanin ƙarafan na'urar da sauran manhajojin da mutum ke aiki da su. Ita ke raba wa kowace manhaja wurinta a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ke isar da saƙo ga firinta, ita ke kula da fayiloli da kalmomin sirri da shiga intanet. Windows ta Microsoft ita ce mafi yaɗuwa a kwamfutocin ofis da na gida, sai macOS ta kamfanin Apple, sai Linux da nau'o'inta.

Babu manhaja mai irin wannan girma da ba ta da ɓaraka. Masu bincike da masu kutse kullum suna gano sababbin kafofi, kamfanin kuma yana toshe su ta hanyar gyare-gyaren da yake fitarwa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, al'adar da ya fara tun shekarar 2003. Wannan toshe kafa shi ne ginshiƙin abin da ake kira kulawa.

Ƙarewar kulawa ba ta kashe kwamfuta. Za ta ci gaba da tashi, fayiloli suna nan yadda aka bar su, Word da Excel za su buɗe. Abin da ya tsaya shi ne gyaran: duk kafar da aka gano bayan ranar za ta kasance a buɗe, kuma kowane wata adadinsu ƙaruwa yake yi. Akwai wani abin da ke ƙara tsananta lamarin. Windows 10 da Windows 11 sun yi tarayya a babban ɓangare na gininsu, saboda haka idan Microsoft ya fitar da gyara ga Windows 11, masu kutse kan nazarci gyaran su gano kafar da aka toshe, sannan su je su gwada ta a Windows 10, inda ba a toshe ba. Manhajar kashe ƙwayoyin cutar kwamfuta tana rage haɗarin, amma ba ta iya ɗinke ɓarakar da ke cikin ginin babbar manhajar kanta.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. An daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, sai Windows 8.1 ranar 10 ga Janairu 2023. A kowane karo, sauran kamfanoni kan bi sahu sannu a hankali: manhajojin shiga intanet su daina sabuntuwa a kan tsohuwar, masu ƙera firinta su daina fitar mata da direba, wato ƙaramar manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi aiki da wata na'ura.

Abin da jinkiri ya taɓa jawowa

Misalin da masana tsaron intanet suka fi bayarwa shi ne harin WannaCry na ranar 12 ga Mayu 2017. Muguwar manhaja ce da ke kulle fayilolin mutum ta nemi kuɗin fansa kafin ta sake su, kuma cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. A Ingila ta durƙusar da asibitocin gwamnati da dama, har aka ƙiyasta cewa an soke ganin likita da ayyukan jinya kimanin 19,000.

Abin lura shi ne Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan kafa tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin harin. Mafi yawan kwamfutocin da abin ya shafa na Windows 7 ne da ba a ɗora musu gyaran ba, yayin da masu Windows XP ba su da gyaran ma sam, sai da kamfanin ya fitar musu da na gaggawa bayan ɓarnar ta fara. Kwamfutar da aka daina kula da ita tana cikin irin wannan hali ne a kowace rana.

Abin da gaggawa ta taɓa jawowa

Tarihin ya kuma nuna cewa sauri kan haifi nawa. Lokacin da Windows Vista ta fito a 2007, firintoci da sikanoni da yawa sun ƙi aiki saboda ba a shirya musu direba ba, kwamfutoci masu ƙaramin ƙarfi kuma suka yi nauyi. Windows 8 ta 2012 ta cire maɓallin farawa da mutane suka saba da shi, sai da ƙorafi ya yi yawa aka dawo da shi a Windows 8.1 a shekarar da ta biyo baya. A watan Oktoban 2018, wani babban sabuntawa na Windows 10 ya goge wa wasu mutane fayilolinsu, lamarin da ya sa kamfanin ya janye shi bayan 'yan kwanaki, bai sake fitar da shi ba sai a Nuwamba.

Daga nan ne ƙa'idar da ma'aikatan kwamfuta a manyan hukumomi ke bi ta samo asali: ba a ɗora sabuwar manhaja a makon fitowarta a kan kwamfutar da ake neman abinci da ita, ba a kuma zama kan tsohuwa bayan wa'adinta ya cika. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu ake zaɓar lokaci.

Dangane da Windows 11, iyaka ta farko ta daɗe da wucewa. An sanar da ita ranar 24 ga Yuni 2021, aka fitar da ita ranar 5 ga Oktoba na shekarar, kuma tun daga lokacin ana yi mata babban sabuntawa sau ɗaya a shekara. Duk da haka mutane sun yi jan ƙafa, domin sai a tsakiyar 2025 ne ƙididdigar kamfanin StatCounter ta nuna masu amfani da ita sun zarce na Windows 10. Babban dalilin jan ƙafar shi ne sharuɗɗan da aka gindaya.

Sharuɗɗan Windows 11

Lokacin da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli 2015, kusan duk kwamfutar da ke iya ɗaukar Windows 7 ta iya ɗaukarta. Windows 11 ta zo da ma'auni mafi tsauri. Ga mafi ƙarancin abin da Microsoft ya nema:

Firosesa mai tsarin 64-bit, mai saurin gigahaz 1 ko fiye da ƙwaya biyu aƙalla, wadda kuma ke cikin jerin da kamfanin ya amince da shi.

RAM gigabait 4.

Ma'adanar bayanai mai gigabait 64.

Tsarin tashi na UEFI mai iya amfani da Secure Boot, wanda ke hana muguwar manhaja shiga kafin Windows ta tashi.

TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke adana makullan sirri nesa da inda masu kutse ke iya kaiwa cikin sauƙi.

Allo da ya haura inci 9, da katin hoto mai aiki da DirectX 12.

Haɗin intanet da asusun Microsoft a lokacin saitin farko, ga masu amfanin kansu.

Sharaɗin firosesa ne ya fi kayar da kwamfutoci. A ɓangaren Intel, jerin ya fara ne daga zubi na 8, wanda ya fara fitowa a 2017, in ban da 'yan ƙalilan na zubi na 7. A ɓangaren AMD, an amince da mafi yawan Ryzen daga jerin 3000 zuwa sama, da wasu daga jerin 2000. A taƙaice, kwamfutar da aka ƙera kafin 2018 da wuya ta tsallake.

Shi kuwa TPM, sau da yawa yana nan a cikin na'urar, a kashe kawai yake. Tun watan Yulin 2016 Microsoft ya wajabta shi a kan sababbin kwamfutocin da ke fitowa da Windows 10. A saitin BIOS, Intel na kiransa PTT, AMD kuma fTPM, kuma mai gyara zai iya kunna shi cikin 'yan mintuna. Saboda haka kada a yanke ƙauna daga kwamfuta don kawai ta ce ba ta da TPM, sai an duba wannan saiti.

Gigabait 4 na RAM ya isa a ɗora manhajar, amma aiki da ita a haka yana da wahala da zarar an buɗe shafukan intanet da yawa. Gigabait 8 tare da ma'adana nau'in SSD shi ne ma'aunin da ke ba da sauƙin aiki.

Yadda mutum zai gane matsayin kwamfutarsa

Hanya mafi sauƙi ita ce sauke manhajar PC Health Check daga shafin Microsoft. Kyauta ce, kuma tana faɗin ko kwamfutar ta cancanta, in kuma ba ta cancanta ba ta nuna sharaɗin da ya kayar da ita. Shafin Windows Update da ke cikin Settings shi ma kan nuna wannan bayani.

Wanda ke son dubawa da kansa sai ya shiga Settings, sannan System, sannan About, ya karanta sunan firosesa. Lambar da ke bayan alamar ƙaramin layi ita ce ke faɗin zubi. Core i5-8250U zubi na 8 ce, ta cancanta. Core i5-7200U zubi na 7 ce, Core i5-6300U kuma na 6, duk ba su cancanta ba. Daga zubi na 10 zuwa sama, lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7.

A nan ne masu saye da yawa ke ruɗewa. A kasuwa an fi tallata kwamfuta da sunan i5 ko i7, alhali wannan suna matsayi yake nunawa a cikin zubi guda. Core i7-6600U ba ta cikin jerin Windows 11, amma Core i3-8130U tana ciki.

Abin da ake samu da abin da ake rasawa

Ga mai kwamfutar da ta cancanta kuma take da lasisin Windows 10 na asali, komawa kyauta ce. Babbar ribar ita ce ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro, tare da wasu matakan kariya da suka dogara da TPM da sababbin firosesoci. Akwai kuma sauye-sauye a fuska: maɓallin farawa ya koma tsakiya, ko da yake ana iya mayar da shi hagu, an sauƙaƙa jera tagogi biyu ko uku a allo guda, an kuma sanya wa mai buɗe fayiloli shafuka irin na manhajar intanet.

Akwai abubuwan da suka tafi. Windows 11 ba ta da nau'in 32-bit, don haka tsofaffin manhajoji na zamanin 16-bit, irin waɗanda wasu ofisoshi ke riƙe da su don lissafi ko rajista, ba za su tashi a kanta kai tsaye ba. An rufe Internet Explorer, sai dai manhajar Edge na da wani saiti na buɗe tsofaffin shafukan da aka gina dominsa. An cire WordPad a sabuntawar 2024. Damar ɗora manhajojin Android da aka yi ta tallatawa a farko ita ma an dakatar da ita a watan Maris 2025.

Game da ƙirƙirarriyar basira, yana da kyau a bambance abu biyu. Windows 11 ta yau da kullum tana da manhajar Copilot. Wasu fasahohin kuwa, irin su Recall da ke ɗaukar hoton abin da ke allo lokaci-lokaci don mutum ya iya nemo abin da ya gani a baya, sai a kwamfutoci na musamman da ake kira Copilot+ suke aiki, masu RAM gigabait 16 aƙalla da wani guntu na musamman. Recall ta sha suka a 2024 kan sirrin masu amfani, har aka jinkirta fitowarta, aka kuma mayar da ita sai wanda ya ga dama zai kunna. Wanda ya koma Windows 11 a kan tsohuwar kwamfutarsa ba zai tarar da ita ba.

Lamarin a Najeriya: kayan hannu, data da lantarki

A Najeriya, kaso mai yawa na kwamfutocin da ke hannun jama'a kayan hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokunbo, kuma ana hada-hadarsu a wurare irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas da Banex Plaza da ke Abuja. Yawancinsu kamfanonin ƙetare ne suka sallame su bayan sun yi shekaru suna aiki. Nau'o'in da suka yi farin jini saboda ƙarko da sauƙin farashi, irin su HP EliteBook 840 G3 mai firosesa zubi na 6 da Lenovo ThinkPad T470 mai zubi na 6 ko na 7, suna cikin waɗanda sharaɗin ya bari a baya. A ƙarshen 2023 kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 a duniya za su iya zama shara sakamakon wannan sauyi, kuma kasuwannin kayan hannu na cikin wuraren da irin waɗannan na'urori kan ƙare.

Sai batun data. Fayil ɗin ɗora Windows 11 ya haura gigabait 5, bayan shi kuma akwai gyare-gyare da direbobin da za su biyo baya. Tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan ya zama abin lissafi ga mai amfani da datar waya. Ofishi mai kwamfutoci da yawa zai iya sauke fayil ɗin sau ɗaya da manhajar Media Creation Tool, ya zuba a filash mai gigabait 8 ko fiye, ya yi amfani da shi a kan dukkansu.

Lantarki kuwa shi ne haɗarin da ya fi kusa. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya barin kwamfuta ba ta tashi a tsohuwar ba, ba ta kuma kai sabuwar ba. Yawancin laftof na hannu batirinsu ya yi rauni, don haka bai kamata a fara ba sai da tabbacin wutar sa'o'i biyu zuwa uku daga janareta, inbata ko sola.

Akwai kuma batun lasisi. Ba kowace kwamfutar kasuwa ke zuwa da Windows ta asali ba. Manhajojin fasa lasisi da ake saukewa daga shafukan da ba a san masu su ba sanannun hanyoyi ne na shigar da mugayen manhajoji masu satar kalmomin sirri, ciki har da na banki. Shafin Activation a cikin Settings na nuna matsayin lasisin.

Mafita huɗu ga kwamfutar da ba ta cancanta ba

Ta farko ita ce sayen lokaci. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin gyare-gyaren tsaro da ake kira ESU. Ga masu amfanin kansu, an tsara shirin ya kai ranar 13 ga Oktoba 2026, kuma ana shigarsa ta ɗaya daga hanyoyi uku: biyan dala 30 sau ɗaya, ko amfani da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kuma kyauta ta hanyar adana saitin kwamfuta a asusun Microsoft. Dole kwamfutar ta kasance a kan Windows 10 nau'in 22H2, wanda shi ne na ƙarshe, da lasisi mai aiki. Ga kamfanoni, farashin ya fara daga dala 61 kan kowace na'ura a shekarar farko, yana ninkawa kowace shekara har shekara uku. Cibiyoyin ilimi suna da rangwame mai yawa: dala 1, sai 2, sai 4. Shirin gyaran tsaro kawai yake bayarwa, kuma amfaninsa shi ne samun sararin tara kuɗi ko tsara sauyi.

Ta biyu ita ce sauya babbar manhajar gaba ɗaya. Nau'o'in Linux irin su Linux Mint da Ubuntu kyauta ne, suna tafiya da kyau a kan tsofaffin na'urori, kuma fitowarsu mai dogon wa'adi na samun gyaran tsaro na shekara biyar. Manhajar LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, ko da yake tsarin shafi kan ɗan sauya a takardu masu sarƙaƙiya. ChromeOS Flex ta kamfanin Google ita ma kyauta ce, amma ta fi dacewa da wanda yawancin aikinsa a intanet yake. Wannan hanya ta dace da ɗalibi ko mai rubutu da bincike. Ba ta dace da mai shagon zane da buga takardu da ya dogara da CorelDRAW ko Photoshop ba, domin ba a yi su don Linux ba.

Ta uku ita ce tsallake sharuɗɗan. Akwai dabarun ɗora Windows 11 a kan na'urar da ba ta cancanta ba, kuma masu gyara da dama sun iya su. Sau da yawa takan yi aiki. Sai dai Microsoft ya bayyana cewa irin wannan kwamfuta ba ta da tabbacin samun gyare-gyare, kuma babban sabuntawa na shekara ba ya zuwa mata da kansa, sai an sake bin dabarar da hannu. Tunda kowane nau'in shekara na Windows 11 Home da Pro wata 24 kawai yake samun kulawa, wanda bai san haka ba zai iya wayar gari a kan Windows 11 da ita ma wa'adinta ya cika. Hanyar ba ta dace da kwamfutar da ke riƙe da kuɗi ko bayanan jama'a ba.

Ta huɗu ita ce raba kwamfutar da intanet. Na'urar da aikinta kawai sarrafa injin buga takardu ne ko wata na'urar gwaji za ta iya ci gaba da aiki a kan Windows 10 muddin ba ta haɗe da intanet, ana kuma taka-tsantsan da filash ɗin da ake soka mata.

Nauyin da ke kan hukumomi da kamfanoni

Ga asibiti, makaranta, bankin ƙananan 'yan kasuwa ko ofishin gwamnati, batun ya wuce zaɓin mutum ɗaya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan fasaha da suka dace don kare su. Ta kuma wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin sa'o'i 72 idan aka samu kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe da bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Hukumar da aka yi wa kutse ta kwamfutar da ta san an daina kula da ita za ta sha wuyar nuna cewa ta ɗauki matakin da ya dace.

Tsarin da ya fi dacewa ga irin waɗannan wurare shi ne a fara da ƙidaya: kwamfutoci nawa ne, wace firosesa kowace ke da ita, wace manhaja ake gudanarwa a kanta. Sai a gwada Windows 11 a kan guda biyu ko uku na tsawon makonni, tare da firinta, na'urar ɗaukar zanen yatsa, manhajar albashi da duk abin da aiki ya rataya a kansa. In komai ya tafi daidai, sai a bi sauran rukuni-rukuni, a sanya waɗanda ba su cancanta ba cikin kasafin kuɗin sauyawa. A tuna kuma cewa Office 2016 da Office 2019 su ma wa'adinsu ya cika a rana ɗaya da Windows 10.

Matakan komawa ga wanda ya yanke shawara

Da farko a kwafe duk muhimman fayiloli zuwa wata ma'adana ta waje, a kuma buɗe wasu daga cikinsu don tabbatar da cewa kwafin ya yi. A rubuta kalmomin sirri da lambobin lasisin manhajojin da aka saya. A duba shafin kamfanin da ya ƙera firinta ko sikana don ganin ko akwai direban Windows 11.

Hanya mafi aminci ita ce ta Windows Update, domin takan riƙe sabuntawar idan an san tana da matsala da wani ɓangare na irin wannan kwamfuta. Wannan hanya tana barin fayiloli da manhajoji a inda suke. Goge komai a ɗora sabuwa fil, abin da masu gyara ke kira fomatin, yana ba da kwamfuta mai tsabta, amma duk abin da ba a kwafe ba ya tafi.

Bayan an koma, akwai kwana 10 da mutum zai iya komawa Windows 10 ta shafin Recovery ba tare da asarar fayiloli ba. A cikin waɗannan kwanaki ya kamata a gwada duk abin da ake aiki da shi, kada kuma a goge jakar da ake kira Windows.old, domin a cikinta tsohuwar manhajar take.

Wani abin da ke kama mutane ba shiri shi ne kulle ma'adana. Sababbin nau'o'in Windows 11 kan kulle bayanan ma'adana da tsarin BitLocker da kansu idan an shiga da asusun Microsoft a saitin farko, su adana makullin mai lamba 48 a wannan asusu. Idan mai gyara ne ya yi saitin da asusunsa, makullin na wurinsa. Ranar da kwamfutar ta nemi lambar, mai ita ba zai iya kaiwa ga fayilolinsa ba sai ya nemo shi. Don haka mai kwamfuta ya shiga da asusunsa na kansa, ya kuma rubuta lambar ya adana a wuri dabam.

Hukunci a taƙaice

Wanda kwamfutarsa ta cancanta, kayan aikinsa kuma suna tafiya a Windows 11, ba shi da sauran dalilin jira: ya kwafe fayilolinsa, ya tanadi wuta da data, ya koma. Wanda kwamfutarsa ta cancanta amma wata manhaja ko na'ura da yake cin abinci da ita ba ta shirya ba, ya shiga shirin ESU ya yi amfani da wa'adin wajen nemo madadinta. Wanda kwamfutarsa ba ta cancanta ba, ya zaɓa tsakanin Linux da tara kuɗin wata, gwargwadon irin aikinsa, kuma kada ya ci gaba da harkar banki a kan na'urar da gyaran tsaronta ya yanke.

Shi kuwa mai shirin sayen kwamfuta a kasuwa, ganin Windows 11 a allo bai isa shaida ba, tunda ana iya ɗora ta da dabara. Ya buɗe shafin About ya karanta lambar firosesa da idonsa, ya gudanar da PC Health Check a gaban mai shago, sannan a yi maganar farashi.